Gida Na Mazauninsa Ne: Tsarin Gini da Ƙawa a Tsibirin Gobir

Duk wanda ya bi kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Tsibiri, ko kuwa ya yi kudu wajen Jiratawa, in dai mai lura ne, lalle zai ga yadda gonakin da aka sani jiya da gero da gyaɗa suka koma filayen gini, an kakkafa musu alamun iyaka, nan an zuba yashi, can an jibge bulo, gaba kaɗan kuma ga wani gida an kai shi linta an bar shi shekara da shekaru yana jiran ranar da mai shi zai sami abin rufi. Wannan ba abin mamaki ba ne a jihar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 a cikinta, alhali tun daga lokacin haihuwa ba ta tsaya ba, baƙi ma ba su daina zuwa ba. Abin da ya cancanci nazari shi ne, galibin masu ginin nan, bayan sun sha wahalar tara dukiyarsu ta hanyar fatauci ko noma ko aikin gwamnati, sai su karkata hankalinsu ga abin da mai wucewa zai gani, watau doguwar ƙofar ƙarfe da fenti mai ɗaukar ido da tayil a fuskar bango, su manta da waɗanda za su kwana su tashi a bayan wannan bangon har iyakar rayuwarsu.

A cikin Suratun Nahli, Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa gida cikin ni'imomin da ya yi wa bayinsa, ya kuma danganta shi da natsuwa. Saboda haka natsuwar mazauna ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane gini da shi. Gidan da matar da ke cikinsa ta sami inuwar da za ta yi daka, yaro ya sami filin rarrafe, tsoho ya sami inda zai shimfiɗa buzunsa, baƙo kuma ya sami wurin zama ba tare da ya keta hurumin iyali ba, to, wannan ya cika gida ko da kuwa da ƙasa aka gina shi. Magabatanmu na Gobir da Katsina sun fahimci wannan ƙa'ida, kuma tsarin da suka bar mana, in an dube shi da idon basira, jawabi ne ga tambayoyi uku waɗanda har gobe suna gaban kowane magidanci: ina ruwa zai bi, ina idon baƙo zai tsaya, ta ina kuma rana za ta bugo.

Mu fara da ruwa, domin tarihin garuruwan nan kansa ba ya rabuwa da shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun yi ta sauya mazauni, har bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da suka riga suka zauna a Maraɗi. Hikimar zaɓen kwari kuwa a fili take, domin a zamanin da ake tsoron mahaya, duhuwar itatuwa garkuwa ce, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma. Amma abin da ya zama maslaha a lokacin yaƙi shi ya koma mafsada a lokacin zaman lafiya, don a 1945 gulbi ya yi ambaliyar da ta rushe tsohon garin Maraɗi, har hukumar Faransawa ta mayar da garin bisa tudu, aka yanka shi da tituna miƙaƙƙu kamar yadda ake ganinsa yau. Wanda yake zaton wannan labarin da ne, sai ya tuna daminar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki a cikinta, gidaje suka zube, rayuka suka salwanta, a Damagaram ma tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya faɗi a farkon watan Satumba.

Saboda haka wanda zai sayi fili, in da hali, ya je ya tsaya a kansa a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi, ya kuma tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon tafki ne da aka cike, domin ruwa yakan nemi tsohuwar hanyarsa ko bayan shekara ashirin. Sa'an nan ya tabbatar da takardunsa a ma'aikatar magajin gari, da shaidu, don kada ya bar wa magadansa shari'a maimakon gida. Idan an zo aiki, kada a yi rowa a harsashi, domin bangon ƙasa galibi daga ƙafa yake fara mutuwa, inda ruwa ke kwanciya yana cin gindinsa sannu a hankali. Maganin wannan shi ne a tayar da harsashi da dutse ko siminti har kamar tsayin gwiwa, a ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi titi tudu, a sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma fitar da magudana ta inda ba za ta zuba a jikin ginin maƙwabci ba.

Tambaya ta biyu, watau ta idon baƙo, tsohon tsari ya warware ta da zaure. Mai sallama a nan yake tsayawa, a nan maigida ke karɓar baƙinsa, a nan malami ke ba da karatu, maɗinki ko baduku ke yin sana'arsa; ƙofar da ke shiga ciki kuwa ba a daidaita ta da ta waje, sai a karkatar da ita, ta yadda wanda ke titi ba zai hangi komai ba. Daga zaure sai filin ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, daga nan sai shigifa, sa'an nan cikin gida. Wannan jeri ya dace da abin da Suratun Nur ta koyar game da neman izini kafin shiga gidan wani, da kuma lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini, watau kafin asuba da lokacin ƙailula da bayan lisha. Fuƙaha'un Malikiyya sun yi bayani mai faɗi a kan hana buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabci, har wani magini na Tunis mai suna Ibn Rami ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini. Wannan mas'ala ta fi zama wajiba a yau, da bene ya yawaita a Maraɗi, domin mutum ɗaya in ya buɗe tagar sama ba bisa lura ba, sai ya tone suturar gida huɗu da ke kewaye da shi, ya hana matansu sakewa a tsakar gidajensu.

Ita tsakar gida kuwa, a nan ne rayuwar iyali take, kuma wanda yake son ya gane haka, ya bi yininta daga farko zuwa ƙarshe. Tun kafin maza su dawo daga sallar asuba an hura wuta an yi shara. Da hantsi turmi ya fito, ana surfe, ana bakace, kaji suna tsintar abin da ya zuba. An baza gero a tabarma, wanki yana kan igiya, yarinya ta zauna da faifai tana tsinke zogalen Jiratawa da za a kwaɗanta da ƙuli. Da rana ta take, kowa ya bi inuwa, tana matsawa ana jan tabarma ana binta; da la'asar a yi kitso, a yi wa yara wanka; bayan lisha a lokacin bazara kuwa, babu mai iya kwana a ɗaki, sai a fito da gadaje a ɗaura gidan sauro a waje. Ranar suna ko biki ko zaman makoki, a nan mata ke taruwa, a nan ake girke manyan tukwane. Duk da haka sai ka ga mutum ya sami fili madaidaici ya cika shi da gini daga bango zuwa bango, ya yi falo biyu waɗanda ba a buɗe su sai da salla, ya bar wa iyali wani siririn lungu wanda ko turmi ba ya zama a ciki, daga baya a koma ana girki a bakin ƙofa, ana shanya a kan katanga.

Asalin wannan kuskure shi ne rashin shawara. Sau da yawa maigida da magini ne kaɗai ke tsayawa a fili, magini yana jan layi da ƙafa a ƙasa yana cewa, “Alhaji, nan falo, nan ɗakin barci,” alhali uwargida, wadda ita ce za ta yini a gidan kullum, ba ta ganinsa sai ranar tarewa. Da an tambaye ta, da ta faɗi inda randa za ta zauna, da inda za a ajiye itace da buhunan hatsi, da yadda za ta iya hangen yara alhali tana bakin murhu. A ganina, wajibi ne a bar aƙalla sulusin fili sarari, a jera ɗakuna a gefe suna duban tsakiya, a kuma yi musu rumfa ko baranda mai faɗi a gaba, domin a ƙasarmu an fi zama a baranda bisa ga cikin ɗaki.

Kazalika ya kamata mai gini ya tuna cewa iyalin da zai tare da su ba su ne iyalin da za su kasance a gidan bayan shekara goma ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna macen Nijar takan haifi 'ya'ya fiye da 7 a matsakaici. Shari'a ta yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. Wanda ya ƙara aure kuwa, kowace mata tana da haƙƙin ɗakinta, kuma adalci ya fi sauƙi in ɗakunan girmansu ɗaya ne, babu wanda ya fi wani inuwa ko kusanci da turaka. Ga kuma mahaifiya da za ta tsufa ta dawo hannun ɗanta, wadda ɗakinta ke bukatar ya kasance kusa da makewayi, ba tare da matakala ba. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce a zana gidan gaba ɗaya a takarda tun farko, har da ɗakunan da ba za a gina ba sai nan gaba, sa'an nan a fara da katanga da makewayi da ɗaki biyu, a rufe su, a shiga, a riƙa ƙari gwargwadon abin da Allah ya hore. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗaki biyu da aka gama sun fi takwas da aka bari a linta ana biyan haya a wani wuri.

Sai tambaya ta uku, ta rana da iska. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40, hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Wannan ne ya sa magabata ba su cika buɗe ƙofa ta dubi gabas ba, sai yamma ko kudu. Mai gini na yau zai amfana in ya shimfiɗa ɗakunansa ta yadda dogayen bangaye za su dubi kudu da arewa, ya sa tagogi a cikinsu suna duban juna don iska ta ratsa, ya bar bangon gabas a toshe, wanda hakan zai kare shi daga bugun ruwa, ya kuma ba mai salla a ɗaki bango lafiyayye a gabansa, tun da alƙiblarmu ta wajen gabas take. Bangon yamma, wanda ranar la'asar ke gasawa har ya kwana yana fitar da zafi, a tare shi da itace ko rumfa ko ɗakin ajiya. Tagogi kuma a sa musu raga, domin zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara kowace damina ya fi kuɗin raga tsada.

Game da kayan gini, mutane da yawa sun ɗauka ƙasa alamar talauci ce, bulon siminti da kwano kuwa alamar arziki. Haƙiƙa siminti, ko na Malbaza ko wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya, yana da ƙarko, kuma yana hutar da mutum yaɓen kowace shekara. Amma siririn bulo da kwano marar silin sukan mai da ɗaki tanderu da rana, alhali bangon ƙasa mai kauri yakan riƙe sanyin dare ya kai shi har azahar. Wanda ya gina ɗakin da ba ya zaunuwa sai da fanka ya ga sakamakon haka daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya na tsawon watanni. Matsalar soron ƙasa ta gaskiya ita ce azara, domin giginya ta yi ƙaranci, itacen da ake maye gurbinta da shi kuma gara ba ta barinsa. Amma an sami mafita: tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini marar itace a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla cikin siffar tulluwa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Wanda kuma ya zaɓi kwano, to, ya ɗaga bango sosai, ya sa silin, ya bar ƙananan kafofi a sama da za su fitar da iska mai zafi, ya kuma ɗaure rufin da ƙarfe a jikin gini don kada iskar farkon damina ta yaye shi.

Madafa da makewayi su ne aka fi wulakantawa a tsari, alhali lafiyar gida a kansu ta rataya. Madafa tana son rufi mai tsawo da mafitar hayaƙi, nesa kaɗan da ɗakunan kwana da duk abin da aka yi da kara ko zana, saboda gobarar hunturu. Murhu mai tattalin itace irin Mai Sauƙi kuma yana rage hayaƙi da kuɗin makamashi. Masai ya kasance da murfi, kuma in akwai rijiya, masana kiwon lafiya sukan ba da shawarar a raba su da kamar mita 30, abin da ke wajabta wa mutum ya san inda rijiyar maƙwabcinsa take kafin ya haƙa. Ko da yake malaman Malikiyya sun yi sassauci game da fuskantar alƙibla a cikin gini, kauce mata tun a tsari ba ya cin ko dala. In fili ya isa, a yi makewayi na biyu a ƙofar gida saboda baƙi da samari. Jar akuyar Maraɗi, wadda ita ce asusun mata da yawa, ita ma a ware mata garke a kusurwa, kada ta kwana a bakin ɗaki.

Bayan duk wannan ya kammala ne ake maganar ƙawa, kuma Bahaushe bai taɓa raba ado da amfani ba. Daɓen gargajiya misali ne: mata sukan taru, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu tare ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi, sa'an nan a shafe ta da ruwan makuba da aka jiƙo daga ɓawon ɗorawa, sai daɓen ya yi ja mai duhu yana sheƙi, ƙura ba ta tashi, shara kuma ba ta wuya. Haka zanen dagi da zankwaye da ake gani a tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram, galibi a fuskar zaure ake yinsu, inda maigida ke nuna martabarsa, ba a warwatsa su ko'ina. A ciki kuwa ado na mace ne, jerenta na ƙorai a da, daga baya tasoshi da kwanonin samira, yau kuma kabad da kayan tangaram. Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a 1997 a kan tarihin aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki ke bayyana darajar mace da yawan mutanenta; bayan haka kuma dukiya ce da take iya sayarwa ranar larura.

Saboda haka ba a cewa a bar jere, sai dai a yi masa wuri tun a tsari, a kuma guje wa israfi. Ɗakin amarya da aka cusa wa gado da kabad da kujeru manya har babu inda za a shimfiɗa darduma, ya zama shago, kuma sau da yawa bashi ne iyaye suka ci don gudun gori. Farar ƙasa ko fenti mai haske a bango yana ƙara wa ɗaki haske da sarari. Alkuki ko kanta a jikin bango tana ɗauke Alƙur'ani da fitila da magani daga hannun yara. Tabarmar kaba irin ta Gulbin Kaba ana naɗe ta a kaɗe, alhali kafet mai kauri ƙurar hunturu yake tarawa. Adon da ya fi kowane daɗewa kuwa itace ne. A ƙasar da manoma suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun daga shekarun 1980, bai dace a ga tsakar gida ƙwal babu inuwa ba. A dasa dogon yaro nesa kaɗan da bango saboda saiwarsa, a sa zogale da lalle inda ruwan alwala ke zuba, kuma a dasa su tun ranar da aka fara katanga, don su girma tare da ginin.

To, ya kai ɗan'uwa mai niyyar gini, ko a Tsibiri kake ko a Maraɗi ko a Jiratawa, kafin ka sayi buhun siminti na farko ka zauna da iyalinka ku yi shawara, ka ziyarci filinka da damina, ka gaisa da waɗanda za su zama maƙwabtanka, ka kashe mafi yawan kuɗinka a harsashi da rufi da magudana da inuwa, ka bar fenti da ƙofar ƙarfe su zo daga ƙarshe in an sami rara. Allah ya hore wa kowa muhalli na halal, ya sa albarka da zaman lafiya a cikinsa, amin.